Iyaka Takan Gusa, Ƙungiya Takan Zauna: Tarihin Ƙwallon Jamusawa Daga Bakin Kwara

Ranar Litinin 10 ga Yuni 2024, duk wanda ya leƙa gidan kallon ƙwallo a Bagudo ko Kaoje ko Tsamiya ya san ba ranar raha ba ce. Najeriya ce ke karawa da Jamhuriyar Benin a wasan neman gurbin shiga Gasar Kofin Duniya, a can birnin Abijan. A wurin mutumin Kano ko Zariya, wasa ne da wata ƙaramar maƙwabciya. A wurinmu kuwa wasa ne da surukai da abokan ciniki, mutanen da muke cin kasuwa ɗaya da su, muna miƙa naira suna miƙo sefa. Raphael Onyedika ya fara ci mana, Jodel Dossou ya farke, Steve Mounié ya ƙara ta biyu kafin a tafi hutun rabin lokaci. Haka aka tashi 2 da 1. Washegari 'yan'uwanmu na Segbana da Kandi ba su bar wayoyinmu sun huta ba.

Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne dattijon da ke tsaye a bakin layi yana ba 'yan Benin umarni. Gernot Rohr ne, haifaffen birnin Mannheim a Jamus. Ya horar da Nijar daga 2012 zuwa 2014, ya horar da Najeriya daga 2016 zuwa 2021, sannan ya karɓi Benin a 2023. Ƙasashe ukun nan da suka haɗa kai a kusa da mu, inda Kwara ta kwararo cikin Najeriya, mutum ɗaya ya ci tuwo a gidajensu duka.

Idan muka bi sawun wannan mutum da na danginsa, za su kai mu cikin tarihin gasannin ƙasashen da ke magana da Jamusanci: Jamus, Ostiriya, mafi yawan Suwizalan, da 'yar ƙaramar ƙasar Liechtenstein. Tarihi ne da mu 'yan bakin iyaka ya kamata mu fi kowa ganewa, domin daga farkonsa har ƙarshensa labarin iyaka ne. Harshe ɗaya ne, amma an yi ta jan layi a tsakiyarsa, ana gogewa, ana sake ja. Dauloli sun tashi sun faɗi, tutoci sun sauya. Abin da ya fi daɗewa a tsaye shi ne ƙungiyar da mutanen gari suka riƙe da hannunsu.

Layi a kanmu, ƙwallo a wurinsu

A ƙarshen 1894 Kyaftin Lugard da Bafaranshe Decoeur suka yi tseren isa Nikki, kowa na son ya riga ɗan'uwansa samun sa hannun sarkin Borgu. Mutane da yawa ba su san cewa akwai na uku a wannan tsere ba. A 1895 wata tawagar Jamusawa ƙarƙashin Hans Gruner da ta taso daga Togo ta ratsa har Gwandu, ta koma da takardar da ta ce yarjejeniya ce da Sarkin Gwandu. Takardar ba ta yi tasiri ba. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba ƙasar Borgu gida biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Tun daga ranar, Bahaushe da Bafulatani da Badande da Bazabarme na wannan gefen suka zama 'yan wata ƙasa, 'yan'uwansu na wancan gefen suka zama 'yan wata.

A daidai waɗannan shekaru ne ƙwallo ke kafa saiwa a ƙasashen Jamusanci. Suwizalan ce ta riga kowa, saboda 'yan makaranta da 'yan kasuwa daga Ingila da suka cika biranenta. An kafa ƙungiyar St. Gallen a 1879, kuma tana nan har gobe. A 1898, shekarar da aka ja layi a kanmu, Grasshopper ta birnin Zurich ta zama zakarar Suwizalan ta farko. Hukumar ƙwallon Jamus kuwa an kafa ta a Leipzig ranar 28 ga Janairu 1900. Da aka zo wasan ƙarshe na farko na fitar da zakaran Jamus a 1903, VfB Leipzig ta doke DFC Prag da ci 7 da 2. Abin lura a nan shi ne birnin Prag ba ya cikin Jamus, a lokacin yana ƙarƙashin daular Ostiriya ne, yau kuma shi ne babban birnin ƙasar Cek. Harshe ne ya shigar da ƙungiyar gasar, ba fasfo ba. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, mu da kan tsallaka zuwa ɗaurin aure a ƙasar da ba tamu ba mu dawo kafin magariba.

Wanda ya nemi abinci da ƙafarsa

Ostiriya ce ƙasa ta farko a Turai, in aka cire tsibirin Birtaniya, da ta halasta a biya ɗan wasa albashi a fili. A 1924 ta yi haka, kuma zakarar farko a wannan sabon tsari, a 1925, ita ce Hakoah ta birnin Vienna, ƙungiyar Yahudawa. Jamus kuwa ta ƙi. A ganin shugabannin ƙwallonta, karɓar kuɗi don wasa abin kunya ne, ko da yake kowa ya san ana miƙawa ta bayan gida.

A nan dangin Rohr suka shigo labarin. A 1932 Bayern Munich ta ɗauki kambun Jamus karo na farko, bayan ta ci Eintracht Frankfurt 2 da nema. Wanda ya fara zura ƙwallo a wasan, da bugun fenariti, saurayi ne mai suna Oskar Rohr, wanda kakan Gernot ne ta wajen 'yan'uwantaka. Shekara ɗaya bayan haka Hitler ya hau mulki. Shugaban Bayern, Kurt Landauer, Bayahude ne, aka tilasta masa sauka. Oskar kuma, da yake yana son ya ci abinci da ƙafarsa, ya tsallaka iyaka zuwa Grasshopper a Suwizalan a 1933, daga can ya wuce Strasbourg a Faransa, inda ya yi suna wajen cin ƙwallo. Gwamnatin 'yan Nazi ta ɗauke shi maci amana. Da yaƙi ya zo ya faɗa hannunsu, suka tsare shi a sansani, sannan suka tura shi fagen daga a gabas. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya dawo da rai. Landauer ma an tsare shi a sansanin Dachau a 1938, ya samu ya tsere Suwizalan, ya dawo a 1947 mambobin Bayern suka sake ɗora shi a kujerarsa.

A 1938 Jamus ta haɗiye Ostiriya, aka goge iyakar da ke tsakaninsu. Nan take aka rusa Hakoah, aka ƙwace filinta. Sauran ƙungiyoyin Vienna aka jefa su cikin gasar Jamus. Shi ya sa har yau, wanda ya duba jerin zakarun Jamus zai ga abin mamaki a layin 1941: Rapid Vienna. A wasan ƙarshe Schalke ta riga ta ci 3 da nema, Rapid ta farke duka ta ƙara ɗaya, aka tashi 4 da 3. Bayan shekara huɗu iyakar ta dawo inda take, Rapid ta koma gida. Daular da ta yi alƙawarin shekara dubu ta ruguje a cikin sha biyu. Rapid kuwa tana nan, ita ce mai riƙe da kambun Ostiriya mafi yawa, har 32.

Bayan yaƙi aka sake jan wasu layukan. Yankin Saar ya zama kamar ƙasa mai cin gashin kanta a ƙarƙashin inuwar Faransa, har ƙungiyar Saarbrücken ta buga kakar 1948/49 a rukuni na biyu na Faransa a matsayin baƙuwa. Babban layin kuwa shi ne wanda ya raba Jamus ta Yamma da ta Gabas, kowacce da gasarta, tsawon shekara arba'in.

1963

Har farkon shekarun 1960 Jamus ta Yamma ba ta da gasa guda ta ƙasa. Shiyya-shiyya ake bugawa, sannan zakarun shiyyoyi su haɗu. Manyan 'yan wasa suna ta sulalewa Italiya inda ake biya da kyau. Ranar 28 ga Yuli 1962, a birnin Dortmund, hukumar ta amince da kafa Bundesliga, aka kuma take wasan farko ranar 24 ga Agusta 1963 da ƙungiyoyi 16. Ko minti ɗaya ba a cika ba Timo Konietzka na Dortmund ya zura ƙwallo ta farko a ragar Werder Bremen. A wannan shekarar ce kuma Muryar Jamus ta buɗe Sashen Hausa. Wato gasar da rediyon da ya daɗe yana kawo mana labarinta sa'o'in juna ne. Iyayenmu sun fara jin sunayen Hamburg da Kolon a akwatin rediyo, daga baya masu talabijin suka riƙa ganin shirin nan na mako-mako mai suna Football Made in Germany.

Matasan yau da suka buɗe ido suka ga Bayern tana lashe gasar sau 11 a jere, daga 2013 zuwa 2023, za su yi mamakin jin cewa ba ta cikin 16 na farko. Maƙwabciyarta 1860 Munich aka zaɓa, ita sai a 1965 ta hauro, shekarar da aka mayar da ƙungiyoyin 18. A kaka bakwai na farko ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ɗauki farantin azurfar da ake ba zakara: Kolon, Bremen, 1860 Munich, Braunschweig, Nuremberg, Bayern, sai Mönchengladbach. Nuremberg ta zama zakara a 1968, ta faɗi rukuni na biyu a 1969. Kaiserslautern ta yi akasin haka, ta hauro a 1997 ta ɗauki farantin a 1998. Hamburg ta shekara 55 ba ta taɓa sauka ba, sai a 2018, kuma ta yi shekara bakwai a ƙasa kafin ta dawo. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Wannan hawa da sauka shi ne ƙashin bayan kakar wasa. Daga Agusta zuwa Mayu kowace ƙungiya tana buga wasa 34, da hutun sanyi a tsakiya. Biyun ƙarshe su sauka, biyun farko na rukunin ƙasa su hau, ta 16 kuma ta kara gida da waje da ta uku a rukuni na biyu. Tsanin bai tsaya nan ba, ya gangara hawa-hawa har zuwa filin ƙauye. A ƙa'ida, ƙungiyar unguwa za ta iya hawa har sama in ta ci wasanninta ta kuma tsare littafin kuɗinta.

Kada mu ɗauka tafiyar ba ta da tabo. Ranar 6 ga Yuni 1971 shugaban Kickers Offenbach, Horst-Gregorio Canellas, ya tara baƙi bikin cikarsa shekara 50, sai ya kunna musu faifan muryoyin 'yan wasa suna cinikin sakamakon wasa. An hukunta 'yan wasa fiye da 50, aka kori Arminia Bielefeld daga rukunin farko, 'yan kallo suka ƙaurace wa filaye na wani lokaci. Cuwa-cuwa ba ta da ƙasa. Bambancin shi ne an tona, an yi hukunci, an ci gaba. Shekara guda bayan wannan badaƙala ne Gernot Rohr ya shiga Bayern yana matashi, a zamanin su Franz Beckenbauer da Gerd Müller. Bai samu buga wasa da yawa ba, domin gidan ya cika da manya. Daga baya shi ma ya bi hanyar Oskar, ya tsallaka Faransa, ya yi suna a Bordeaux.

Ƙungiyar hukuma da ƙungiyar jama'a

A Jamus ta Gabas tsarin daban ne, kuma a nan ne labarin ya fara kama da namu. Can kowace ƙungiya tana da uban gida a cikin hukuma. Masu suna Dynamo na 'yan sanda da jami'an tsaro ne, masu suna Vorwärts na soja ne, saura na masana'antun gwamnati. Uban gida kuwa yana yin yadda ya ga dama da abinsa. A 1954 aka kwashe ƙungiyar wani ƙaramin gari mai suna Lauter ɗungurungum aka kai ta Rostock, a bakin teku, ita ce ta zama Hansa Rostock. An ɗauke Vorwärts daga Leipzig zuwa Berlin a 1953, ta lashe gasar sau shida, sannan a 1971 aka sake ɗauke ta zuwa wani gari a bakin iyakar Poland, inda ta dusashe. BFC Dynamo ta Berlin, 'yar lelen shugaban hukumar leƙen asiri Erich Mielke, ta ɗauki kambu sau goma a jere daga 1979 zuwa 1988, amma mutanen gari ba su taɓa ba ta zuciyarsu ba.

Da katangar Berlin ta faɗi a 1989, ƙasashen biyu suka haɗe a 1990, sai uban gida ya ɓace dare ɗaya. Ƙungiyoyi biyu kacal daga gabas aka ɗauka cikin Bundesliga a kakar 1991/92: Hansa Rostock da Dynamo Dresden. Manyan 'yan wasa suka kwarara yamma. Magdeburg, wadda ta ci kofin Turai a 1974, ta gangara ƙananan rukunai. BFC Dynamo mai kambu goma ta kai ga karyewar arziki a 2001. Kayan aro ba ya rufe katara.

A gabashin Berlin ɗin dai akwai wata ƙungiya da ba ta taɓa zama zakarar gasar ba, Union Berlin, wadda ma'aikata da talakawan unguwar Köpenick suka ɗauka tasu. Ita ma ta sha wuya. A 2004, da rashin kuɗi ya kusa hana ta lasisi, magoya bayanta suka je asibitoci suka ba da jini, suka miƙa wa ƙungiyar ɗan abin da ake ba mai ba da jini. A 2008 zuwa 2009, da filinsu ya lalace, mutum fiye da 2,000 suka fito aikin gayya, suka yi sa'o'i kusan 140,000 suna kwaɓa siminti suna ɗaure rodi. Mu da muka san gayyar noma da gayyar ginin masallaci ba ma bukatar a fassara mana wannan.

Namu a can

Ɗan Afirka na farko da ake lissafawa a Bundesliga shi ne Ibrahim Sunday na Ghana, gwarzon Afirka na 1971. Ya je Werder Bremen a 1975, amma wasa ɗaya tak ya buga a gasar. Wanda ya buɗe ƙofar sosai shi ne Anthony Yeboah, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a 1993 da 1994 a rigar Eintracht Frankfurt. Bai same ta a ɓagas ba. Ana yi masa kukan biri a filaye, har a 1990 shi da Anthony Baffoe da Souleyman Sané suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Jamusawa a kan wariyar launin fata. A Frankfurt ɗin ne Jay-Jay Okocha, wanda ya faro daga wata ƙaramar ƙungiya a yankin Saar, ya yi abin da har yau ake turawa a waya: ranar 31 ga Agusta 1993 ya yi ta walagigi da masu tsaron bayan Karlsruhe da golansu Oliver Kahn kafin ya saki ƙwallon cikin raga. Ita aka zaɓa ƙwallon shekara a Jamus.

Bayansu Jonathan Akpoborie da Victor Agali suka taka leda a Hansa Rostock, Sunday Oliseh ya ɗauki farantin tare da Dortmund a 2002. Victor Osimhen ya je Wolfsburg a 2017 ya bar ta bai ci ko ɗaya ba, ga shi a 2023 ya zama gwarzon Afirka. A kakar 2023/24 Victor Boniface da Nathan Tella suna cikin Bayer Leverkusen da ta zama zakara karo na farko a tarihinta, ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba: nasara 28, canjaras 6, maki 90. Wasa 51 ta jera a dukkan gasanni ba a ci ta ba, sai ranar 22 ga Mayu 2024 a birnin Dublin, inda wani ɗan Najeriyar, Ademola Lookman na Atalanta, ya zura mata uku shi kaɗai.

Amma akwai sunan da ya fi kusa da mu, wanda ba a cika ambata a gidajen kallo ba. Suleiman Abdullahi, haifaffen Kaduna, ya bi ta ƙasar Norway ya isa Braunschweig a 2016, sannan Union Berlin ta ɗauke shi a 2018. A ƙarshen kakar Union ta zo ta uku a rukuni na biyu, dole ta kara da Stuttgart, ƙungiya mai kambu biyar. Ranar 23 ga Mayu 2019, a gidan Stuttgart, masu gida suka fara ci dab da hutun rabin lokaci. Ba su gama murna ba Suleiman ya farke. Aka tashi 2 da 2. Bayan kwana huɗu aka yi babu ci a Berlin, Union ta hau Bundesliga karo na farko a tarihinta, albarkacin ƙwallayen da ta ci a waje. Waɗanda suka ba da jini suka kwaɓa siminti, ƙafar ɗan Kaduna na cikin abin da ya kai su inda suke mafarki. Daga baya Taiwo Awoniyi na Ilori ya ci musu 15 a kakar 2021/22, a 2023 kuma suka shiga Gasar Zakarun Turai.

A watan Agustan 2019 da Union ta buga wasanta na farko a sama, a watan ne aka rufe iyakokin Najeriya na ƙasa. Muna zaune a gidan kallo muna ganin birnin da ya rushe katangarsa, alhali hanyar Segbana a toshe take a bayanmu.

Wa ke da ƙungiya?

Me ya sa ƙungiyar Jamus ke da wuyar mutuwa? Domin asalinta ƙungiyar mambobi ce, kamar ƙungiyar manoma ko ta masunta: kowa ya biya kuɗin shekara yana da ƙuri'a ɗaya, su ke zaɓen shugaba su ke tsige shi. A 1998, da aka ba ƙungiyoyi damar mayar da sashen ƙwallonsu kamfani, sai aka gindaya sharaɗin da ake kira 50+1: komai yawan kuɗin da attajiri ya zuba, rinjayen ƙuri'a yana hannun mambobi. An yi wa Leverkusen da Wolfsburg rangwame saboda tun asali na ma'aikatan kamfanonin Bayer da Volkswagen ne. Mambobin Bayern sun haura 300,000. A Dortmund mutum kusan 25,000 ke tsayuwa a gefe guda na fili, da tikitin da ma'aikaci zai iya saya.

Ba a ce tsarin ba shi da ɓaraka ba. Kamfanin Red Bull ya sayi gurbin wata ƙaramar ƙungiya a rukuni na biyar a 2009, ya raɗa mata RB Leipzig, ya taƙaita masu ƙuri'a zuwa 'yan tsiraru, ta iso Bundesliga a 2016. A Ostiriya, inda hannun mai kuɗi ya fi sakewa, kamfanin ya karɓi Austria Salzburg a 2005, ya sauya suna, ya sauya launin riga. Sabuwar ƙungiyar ta lashe gasar sau goma a jere daga 2014 zuwa 2023, ta kuma zama mashigar 'yan Afirka irin su Sadio Mané da Naby Keïta. Amma wasu magoya baya sun ƙi bi. Suka sake kafa Austria Salzburg da tsohon sunanta da tsohon launinta, suka faro daga rukunin can ƙasa a 2006, suna hawa a hankali. Sun zaɓi tasu ko da ba ta cin kofi.

Ita kuwa Liechtenstein ta yi ƙanƙanta da a ce tana da gasa, don haka ƙungiyoyinta a Suwizalan suke bugawa. Babbarsu, Vaduz, ta sha hawa rukunin farko na ƙasar da ba tata ba. Jodel Dossou, wanda ya farke mana ƙwallo a Abijan, ya sa rigar Vaduz ɗin, ya kuma buga a Lustenau da Hartberg a Ostiriya. Shi kuma Mounié, haifaffen Parakou a ƙasar Borgu, watanni kaɗan bayan wasan ya koma Augsburg a Bundesliga, inda ya haɗa ɗakin sauya kaya da Frank Onyeka na Najeriya. Ranar 14 ga Oktoba 2025, a Uyo, muka rama da ci 4 da nema. Osimhen ya ci uku, Onyeka ya rufe da ta huɗu, Rohr yana tsaye yana kallo. A wannan karon mu ne muka riƙa kiran Segbana.

Abin da ya rage mana

Ba mu rasa ƙafa ba. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne, nan cikin jiharmu. Rohr ne ya fara sa shi a rigar Super Eagles a Oktoba 2020, a wasan sada zumunta da Aljeriya wanda aka buga a Ostiriya. Duk yamma, daga Illo zuwa Lolo zuwa Zagga, akwai yara a filin makaranta da bakin fadama da ke yin abin da zai sa mutum ya tsaya da babur ya kalla. Abin da muka rasa shi ne tsani, da gidan da zai riƙe tsanin.

Mu dubi tarihinmu. Raccah Rovers ta Kano ta zama zakarar Najeriya a 1978, Leventis United ta zama a 1986, Abiola Babes ta ɗauki kofin ƙalubale. Yau duk sai a labari, domin ranar da mai ɗaukar nauyi ya janye hannu, ranar aka naɗe tabarma. Mafi yawan waɗanda suka rage a rukunin farko na gwamnatocin jihohi ne. Idan gwamna mai son ƙwallo ne a ga haske, idan wani ya zo a shiga bin bashin albashi. Mun ga yadda irin wannan tsari ya ƙare a Jamus ta Gabas. Ƙungiyoyinmu na gari kuwa, waɗanda ke haɗuwa a gasar sallah ko kofin da ɗan siyasa ya sa gabanin zaɓe, ba su da rajistar mambobi, ba su da littafin kuɗi, ba su da kakar da za a ce ga farkonta ga ƙarshenta, wanda ya ci ya hau, wanda ya faɗi ya sauka.

Ba kuɗin Bayern muke magana a kai ba, wannan ya fi ƙarfinmu. Muna maganar abin da St. Gallen ta fara da shi a 1879: 'yan mutane, takardar sunaye, ɗan kuɗin wata, da shugaban da za a iya tambayarsa ina kuɗin suka shiga. Mun iya wannan a adashi, mun iya a ƙungiyar 'yan kasuwar shanu da ta masu kwale-kwale. Kowane mako muna biyan kuɗin shiga gidan kallo don mu ga ƙungiyar da wasu suka gina da guminsu. Da za a ware kwatankwacinsa ga ƙungiyar gari, a tsara wasanni tsakanin Bagudo da Kaoje da Illo da Kamba daga bayan girbi zuwa faɗuwar ruwa, wata rana har a gayyato Segbana da Malanville, da mun fara taka matakin farko.

Layin da aka ja a Paris a 1898 yana nan, ana buɗe shi ana rufe shi ba tare da an tambaye mu ba. Wannan ba a hannunmu yake ba. Filin da ke bayan makarantar firamare kuwa, da yaran da ke cikinsa, namu ne.